Rami ɗaya a bayan kwamfuta: yadda wani shagon buga takardu a Katsina ya haɗa layin intanet biyu

Shagon da abin da ke cikinsa

Shagon yana bakin titin Dutsin-Ma a Katsina, hanyar da ɗaliban kwalejin Hassan Usman Katsina da na jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ke bi safe da yamma. Abincinsa yana hannun waɗannan ɗalibai: buga takarda, fotokwafi, cike fom ɗin rajista, duba sakamakon WAEC da NECO, da rajistar masu tafiya bautar ƙasa idan lokacinta ya zo. Duk ranar da intanet ta yanke ana tsakiyar cike fom, ɗalibi ba ya jira, domin shagon maƙwabci yana nan ƙofa a buɗe.

Kayan aikin su ne kwamfutocin tebur shida, babbar firinta mai ramin waya, na'urar naɗar hoton kyamarori huɗu, da rauta, wato na'urar da ke raba musu intanet, mai layin 4G. Dukkansu suna haɗe a suwic ɗaya, wato akwatin da ke haɗa na'urori da juna ta kebul, mai rami 16. Tara a cike, bakwai a buɗe. Wuta kuwa daga inbata take zuwa, mai batir biyu na 200Ah, da faifan sola a rufi.

A watan Janairu maigidan ya ƙara layi na biyu: wani ɗan kwano a kan rufi, mai kama sigina ta iska daga turken wani mai sayar da intanet a cikin gari. Kebul mai tsawon mita 38 ya sauko daga rufin zuwa ɗan akwatin da ke tura wa kwanon wuta ta cikin kebul ɗin, daga nan ya shiga wata ƙaramar rauta ta gida da aka rubuta wa adireshin dindindin da mai layin ya bayar. Layin rufi yana ba da megabit 20 a daƙiƙa, ba hawa ba sauka, amma yana ɗaukewa duk sa'ad da wuta ta yanke a turken. Layin 4G da safe yakan kai 25, da yamma ya faɗo ƙasa da 5, ga data tana ƙarewa ba sallama.

Idan layi ɗaya ya mutu, yaron shago ne ke zare kebul daga wannan rauta ya soka a waccan. Daga lokacin da aka farga zuwa lokacin da shafi ya sake buɗewa, minti uku zuwa biyar ke tafiya, sau da yawa har da fom ɗin da aka kusa gamawa. Abin da maigidan yake so shi ne layukan biyu su riƙa karɓar juna da kansu.

Makon farko na Fabrairu: an juya bayan kwamfuta

Mai gyaran da ke kula da shagon ya kawo shawarar a ɗauki wata tsohuwar kwamfutar ofis da ke ajiye a lungu, irin siririyar nan ta hannu da ake shigowa da ita daga Turai, a mai da ita mai gadin ƙofa, wato ta tsaya tsakanin shagon da layukan intanet biyu. Za a zuba mata pfSense, manhajar da aka gina a kan FreeBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda ta san yadda ake riƙe layin intanet fiye da ɗaya. Aikin yana buƙatar ramin LAN, wato ramin soka kebul ɗin intanet, guda uku aƙalla: ɗaya na layin rufi, ɗaya na 4G, ɗaya na cikin shago. Da aka juya bayanta, rami ɗaya ne.

"Injiniya, ai ga wasu biyu nan a bayan UPS," in ji maigidan.

"Ranka ya daɗe, waɗannan mashiga ce da mafita kawai. Waya ke ratsawa don kariya daga tsawa, babu abin da ke magana a ciki."

Rami ɗayan nan ba rowa ba ce ta wanda ya ƙera wannan kwamfuta. Haka madabod, wato bod ɗin da kayan cikin kwamfuta ke zaune a kai, yake zuwa a kwamfutar gida da ta ofis, daga mafi araha har zuwa matsakaici. Tun daga shekarun farko na 2000, da aka daina sayen katin LAN daban aka koma dasa shi a jikin bod, rami ɗaya ne al'ada. Abin da ya canza shi ne gudu: da can megabit 100 ne, sai gigabit ɗaya wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1999, sai gigabit 2.5 wanda ƙa'idarsa ta fito a 2016, kuma shi ake gani yanzu a yawancin sababbin bod masu ɗan tsada. Cif ɗin da ke bayan ramin galibi na Realtek ne ko na Intel: RTL8111 da RTL8125 daga na farko, I219 da I225 da I226 daga na biyu.

Bod mai rami biyu akwai shi, amma a saman kasuwa yake, wurin masu haɗa bidiyo da masu manyan wasanni, kuma sau da yawa ramukan ba gudu ɗaya ba ne, ɗaya 2.5 ɗaya 10. Bod ɗin saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, shi ne ke zuwa da biyu ko huɗu, da wani ƙari a gefe wanda ke yaudarar mai saye: wannan na kula da injin ne daga nesa, Dell na kiransa iDRAC, HP na kiransa iLO, ba a lissafa shi cikin ramukan aiki. Siraran laftof na yanzu kuwa da yawansu ko ɗayan ma babu.

Dalilin a fili yake. Kwamfutar gida ƙarshen hanya ce. Tana magana da rauta ɗaya, rauta kuma ita ke magana da duniya. Rami ɗaya na gigabit yana iya kwasar kusan megabait 115 a daƙiƙa, wato kusan megabit 920, abin da ya ninka layin rufin shagon nan sau arba'in da wani abu. Kuma rami ba huji ba ne kawai a jikin ƙarfe. Kowane ɗaya yana da nasa cif, da nasa 'yan taransifoma masu raba shi da wutar waje, da nasa adireshin MAC mai haruffa da lambobi 12, yana kuma cin hanya ɗaya daga hanyoyin PCIe, wato hanyoyin saƙo na cikin bod, waɗanda ƙididdigaggu ne. Mai ƙera bod ba zai ɗora wannan kuɗi a kan kowane mai saye ba saboda 'yan tsirarun da za su yi amfani da shi.

Mako na biyu: ɗan marabi mai baki uku

Kafin a yanke shawara, yaron shago ya dawo daga kasuwa da wani ɗan roba mai baki uku, ɗaya a gaba biyu a baya, wanda mai sayarwa ya ce yana mai da rami ɗaya biyu. Aka soka shi, aka haɗa rauta biyu. Fitilar ramin ta kama, ta mutu, ta sake kamawa, haka ta yi ta yi. Da aka zare kebul ɗaya, sai ta tsaya daram.

Irin wannan marabi iri biyu ne a kasuwa, kuma kamanninsu ɗaya. Kebul ɗin LAN zare takwas ne, an murɗe su bibbiyu, tagwaye huɗu ke nan. Iri na farko, wanda yaron ya sayo, yana ɗaure zaren takwas na baki ɗaya da na sauran bakunan biyu kai tsaye, tamkar yadda ake jona wayar ƙwan lantarki. Ethernet ta yau kuwa, wato tsarin da kebul ɗin LAN ke aiki da shi, magana ce tsakanin na'ura biyu rak, ɗaya a kowane bakin kebul. Da ta uku ta shigo, sigina ya cakuɗe, yarjejeniyar gudu da suke yi a farkon haɗuwa ba ta ƙulluwa.

Iri na biyu yana da amfaninsa. Gudun megabit 100 tagwaye biyu kawai yake ci, haƙori na 1, 2, 3 da 6 cikin takwas ɗin da ke kan kebul, don haka ana iya ɗora layi biyu a kan kebul ɗaya da ke cikin bango. Sai dai dole a sa marabi a kowane gefe, dole kuma a sami rami biyu na gaske a kowane gefe, gudun kuma ba zai wuce 100 ba, tunda gigabit tagwaye huɗun duka yake bukata. Kebul yake tattalawa, ba ya haifar wa kwamfuta rami.

Mako na uku: rauta biyu a suwic ɗaya

Tunda rami bakwai na zaune a suwic ba aiki, maigidan ya sa aka soka rautocin biyu a ciki gaba ɗaya. Safiyar farko komai ya tafi daidai. Kafin azahar, kwamfuta biyu sun daina buɗe shafi, ɗaya tana buɗewa tana yankewa, wata kuma ta nuna saƙon cewa wata na'ura tana riƙe da adireshinta.

Rautocin biyu daga masana'anta suka fito da adireshi ɗaya, 192.168.0.1, kuma kowace tana raba wa kwamfutoci adireshi ba tare da sanin ɗayar ba. Kwamfuta idan ta tashi takan yi kira a ba ta adireshi, wadda ta riga amsawa ita take bi. Sarki biyu a gari ɗaya, suna kuma amsa suna ɗaya. Saƙon da aka nufa da wannan sai ya faɗa hannun waccan, lamba ɗaya kuma a ba wa kwamfuta biyu.

Mai gyara ya kashe rabon adireshi a rautar 4G, ya mai da ita 192.168.0.2. Rikici ya kwanta. Amma idan layin rufi ya mutu, sai an bi kwamfutoci shida ɗaya bayan ɗaya an canza musu ƙofar fita daga adireshi mai ƙarewa da 1 zuwa mai ƙarewa da 2, idan ya dawo a sake bi. Zare kebul ma ya fi wannan sauri. Suwic yana ƙara wurin sokawa a cikin gida ɗaya. Abin da ake nema a nan gidaje uku ne masu katanga a tsakani, da mai gadi ɗaya da ke da ƙofa a kowane.

Ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris: adafta ta USB

Aka sayi adafta biyu masu mai da USB ramin LAN, na megabit 100, aka zuba pfSense. Ramin jikin bod, wanda manhajar ta kira em0, ya tafi suwic ɗin shago. Adafta ta farko, ue0, ta ɗauki layin rufi, aka rubuta mata adireshin dindindin, aka cire ƙaramar rautar gida daga tsakani. Ta biyu, ue1, ta ɗauki 4G, tana karɓar adireshi daga rautarsa.

Gudu bai zama matsala ba. USB 2.0 a takarda megabit 480 ne, adaftar 100, layin da ya fi sauri kuma 25. Kwana tara ana aiki lafiya.

A rana ta goma batir ya yi ƙasa da asuba, inbata ta kashe kanta. Da rana ta fito wuta ta dawo, sai ga shi babu intanet ko ta layi ɗaya, alhali fitilun rauta da na kwano duk kore. FreeBSD tana ba adaftocin USB suna ne bisa wadda ta fara gani, kuma wannan karon ta fara ganin ta biyu. Sunaye suka juye. Adireshin dindindin na rufi ya koma fuskantar rautar 4G da ba ta san shi ba, mai jiran a ba ta adireshi kuma ta koma fuskantar kwanon da ba ya rabawa. Musanya kebul biyun ya gyara, amma sai da aka yi sa'a biyu kafin a gano.

Bayan kwana huɗu wata ta sake ɓullowa. Adafta ɗaya ba ta farka ba lokacin tashi. Ita pfSense idan ta nemi ramin da aka rubuta mata ta rasa, takan tsaya tana tambaya a kan allo wane rami ne na wane aiki. Kwamfutar tana ƙarƙashin tebur, babu allo babu madannai a jikinta. Shago gaba ɗaya ya tsaya, har firinta, domin ita ma daga can take karɓar adireshi. Sau biyu kuma an iske adafta ta ɗan zame daga raminta bayan shara, abin da ba ya faruwa da kan kebul ɗin LAN, wato RJ45, saboda maƙallinsa. Masu pfSense da kansu sun rubuta a takardunsu cewa ba su ba da shawarar adaftar USB a irin wannan aiki.

A wannan binciken ne aka gano wani abu na gefe: kwamfutar ba ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, ko da an saita mata haka a BIOS, wato saitin cikin bod. Ɗan batir ɗin bod, CR2032 mai bolt 3, ya mutu tun tuni, saitin yana gogewa duk lokacin da aka rasa wuta. Aka canza shi, aka sake saitawa.

Ƙarshen Maris: kati a cikin gurbi

Sai aka koma ga abin da madabod ya tanada tun asali don wannan buƙata, wato gurbin PCIe. Aka yi saƙon kati mai rami huɗu daga Kano, na hannu, cire daga tsohuwar saba, mai cif ɗin Intel i350.

Da ya iso, bai shiga ba, ta fuska biyu. Bod ɗin gurbi biyu gare shi, gajere na x1 da dogo na x16, lambar tana nuna yawan hanyoyin gurbin. Katin x4 ne, ƙafarsa ta fi gajeren gurbin tsawo, bakin gurbin kuma a toshe. Wannan ba wuya: katin x4 yana zama a gurbin x16 ya yi aiki, ya ci hanyoyi huɗu ya bar saura. Tunda hoton kwamfutar daga cikin firosesa yake fitowa, dogon gurbin a buɗe yake. Ta biyu ita ce ƙarfen bayan katin. Na babbar akwati ne, tsawonsa kusan santimita 12, siririyar akwati kuma mai kusan santimita 8 take ɗauka. Yaron shago ya ce a cire ƙarfen a bar katin tsirara. Mai gyara ya ƙi, domin ƙarfen ne ke riƙe katin idan an ja kebul, kati kuma idan ya karkace a gurbi da wuta a jiki yana iya tafiya da bod. Aka jira kwana uku gajeren ƙarfe ya zo, kusoshi biyu aka kwance aka ɗaura.

An zare wuta, an danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ciki ta fita, an taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kati. A garin da iskarsa ta bushe kamar Katsina a wannan lokaci, wutar da jiki ke tarawa ta isa ta kashe cif. Da aka kunna, ramuka huɗu suka bayyana: igb0 zuwa igb3. Sunayen nan daga matsayinsu a kan kati suke, ba sa juyewa. An bi su da kebul ɗaya bayan ɗaya an ga wane suna ke kamawa, aka manna takarda a kan kowane, domin jerin sama zuwa ƙasa ba kullum yake bin jerin lamba ba.

Rabon ya kasance haka: igb0 layin rufi, igb1 4G, igb2 suwic ɗin shago, igb3 na'urar kyamara da kwamfutar lissafin maigida ta wani ƙaramin suwic mai rami biyar, don kada abin da ɗalibai ke kwasowa a filashi ya kai gare su. Ramin jikin bod aka bar shi a buɗe.

Nan take igb2 ya nuna megabit 100, ba 1000 ba, alhali shi da suwic duk na gigabit ne. Na'urar gwada kebul ta nuna haƙori na 7 ba ya kamawa. Kan kebul ɗin ne ba a matse shi da kyau ba, kuma shekara da shekaru ba wanda ya lura, tunda gudun 100 bai damu da wannan haƙori ba. Aka yanke aka sake matsewa bisa tsarin T568B: fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore, shuɗi, fari-da-shuɗi, kore, fari-da-ruwan-ƙasa, ruwan ƙasa. Da aka kankare zare ɗaya da wuƙa sai cikinsa ya fito fari, wato alminiyam ne aka shafa wa tagulla. A gajeren kebul na cikin shago an bar shi. Na rufi, mai ɗauke da wuta har mita 38, an gwada shi shi ma, aka iske tagulla ce zalla.

Makon farko na Afrilu: layin da ya mutu bai san ya mutu ba

Aka haɗa layukan biyu a rukuni ɗaya, rufi a mataki na farko, 4G a na biyu. Gwajin zare kebul ya yi kyau: cikin daƙiƙu kaɗan shago ya koma 4G. Amma ranar da wuta ta yanke a turke da gaske, bai koma ba.

Manhajar tana gane lafiyar layi ne ta hanyar ƙwanƙwasa wani adireshi a kai a kai tana jiran amsa, kuma idan ba a faɗa mata wani ba, ƙofar farko ta layin take ƙwanƙwasawa. A ranar, na'urar da ke bakin turken tana kan batir tana amsawa, hanyar da ke bayanta ce ta yanke. Haka ma 4G: rauta tana amsawa ko data ta ƙare ƙaf. Aka canza wurin ƙwanƙwasa zuwa can cikin intanet, 8.8.8.8 na Google ga layin rufi, 1.1.1.1 na Cloudflare ga 4G. Dole su bambanta, domin manhajar tana ɗaure kowane adireshin gwaji da layinsa. An bar ma'aunin da ta zo da shi: idan kashi 20 cikin 100 na ƙwanƙwasawa suka ɓata, layi ya mutu. Ma'aunin jinkiri na rabin daƙiƙa kuwa an ɗaga shi ga 4G, saboda cunkoson yamma yana sa a ɗauke shi matacce alhali yana rarrafawa.

Daga nan sauyi ya koma ƙasa da rabin minti. Fom ɗin da ake tsakiyar turawa yakan nemi a sake shiga, tunda adireshin da shafin ke gani ya canza, amma ba a ƙara kiran yaro ya zare kebul ba.

Zafin Afrilu ya kawo tasa. Katin saba an yi shi ne don akwatin da fanka ke hura wa iska ba tsayawa, siririyar akwati kuwa ba ta da wannan. Da rana tsaka ƙarfen sanyaya cif ɗin ba ya taɓuwa. Aka ɗaura ƙaramar fanka mai santimita 4 a kansa, aka busa ƙurar hunturu da ta toshe ragar gaba, aka ɗaga kwamfutar daga ƙasa zuwa kanta.

Agusta: tsawa

Wani dare aka yi ruwa da tsawa mai ƙarfi. Da safe shago yana aiki, amma a kan 4G. Ɗan akwatin da ke tura wa kwano wuta ya ƙone, yana wari. Aka canza shi, kwano ya farka, amma igb0 ya ƙi kama fitila da kowane kebul. Sauran ukun lafiya lau.

Tsawar ba ta faɗo a rufin ba. Da ta faɗo, da ba wannan maganar ake yi ba. Ya isa ta faɗi a kusa, doguwar wayar tagulla ta ɗebo wutar ta kawo ta ciki. Taransifomomin cikin rami an gina su su jure bolt 1500, abin da ya wuce haka yana tsallakewa.

Kebul ɗin rufi aka zare daga igb0 aka soka a ramin jikin bod. A shafin pfSense aka canza layin daga igb0 zuwa em0, aka adana. Minti biyar. A makon aka sa makarin tsawa na LAN biyu, ɗaya a gindin kwano ɗaya a inda kebul ya shigo ɗaki, aka ja waya mai kauri daga kowane zuwa sandar tagulla da aka kafa a ƙasa bayan shago. Ramukan bayan UPS da maigidan ya nuna tun farko ba a yi amfani da su ba, domin a jikinsu an rubuta megabit 100, kuma ƙasan soket ɗin shagon ba a haɗe yake da komai ba, sai a wannan aikin aka ja masa waya zuwa sandar.

Hukunci

Marabi da rauta biyu a suwic kuskure ɗaya ne da riga biyu: an ɗauka ƙarancin huji ne, alhali bakwai na zaune a buɗe. Mai kwamfuta ɗaya ko goma da ke son ƙarin wurin soka waya, suwic ne maganinsa, rami ɗayan da ke bayan kwamfutarsa ya ishe shi har ta tsufa. Rami na biyu ana nemansa ne kawai idan inji ɗaya zai tsaya tsakanin gidajen waya biyu da ba a so su cakuɗe.

Adaftar USB ba banza ba ce. Ga laftof marar rami, ko ga kwamfutar da tsawa ta cinye raminta, ita ce gyara mafi sauri, kuma ta gigabit a kan USB 3.0 tana gudu sosai. Inda ta gaza shi ne injin da ke tashi shi kaɗai ba mai kallo, a garin da wuta ke zuwa tana tafiya.

Katin ya yi aiki saboda abu uku: sunayensa ba sa juyewa, manhajar da ke tafiyar da shi a FreeBSD tsohuwa ce gogaggiya, kuma a ɗaure yake da ƙusa. Sayen mai rami huɗu maimakon mai biyu shi ya bar ramin bod a ajiye, ajiyar kuma ita ta mai da ɓarnar Agusta aikin minti biyar. Jinkirta sa makarin tsawa har sai da damina ta yi nisa sakaci ne. Tun ranar da aka ɗora kwano ya kamata a sa shi.

Da za a faro daga farko, kwamfuta ba ita ce zaɓin da ya fi dacewa da wannan shago ba. Akwai ƙananan rautoci da aka ƙera don wannan aikin, irin MikroTik hEX da TP-Link ER605, kowace da rami biyar na gigabit, ba fanka, ba faifai, cin wutarsu bai wuce wat 10 ba. Kwamfutar nan da aka auna tana cin wat 28 zuwa 35. A ɗauki 30 a sa'a 24, wat-awa 720 ke nan a rana. Batir biyu na bolt 12 da 200Ah wat-awa 4800 ne a takarda, rabinsa ake iya ci ba tare da an kashe su ba, wato 2400. Kusan kashi 30 cikin 100 na wannan yana tafiya ga mai gadin ƙofa kaɗai idan an yi kwanakin hadari sola bai cika ba. Akwai kuma hanyar da ba a gwada ba: suwic mai saiti, wanda ke raba rami ɗaya zuwa gidaje da yawa ta hanyar VLAN, da ramin bod ɗin kaɗai ya ɗauki layukan duka, tunda jimillar 20 da 25 ba ta kai kashi ɗaya cikin ashirin na gigabit ba. Amma wannan yana son wanda ya iya saitin a kusa, yaron shago kuwa takardar da aka manna a kan rami yake karantawa.

Maigidan ya bar kwamfutar a wurinta tunda an riga an kashe kuɗin, ya dai sa a riƙa kashe firinta da kwamfutoci biyar da dare don batir ya kai asuba. Ramin igb0 an toshe shi da salatif baƙi, an yi saƙon kati mai rami biyu da gajeren ƙarfensa, yana cikin durowa.